Shingen Itatuwa A Bakin Titi: Abin Da Ya Kamata Mazauna Kafanchan Da Kudancin Kaduna Su Duba Kafin Su Yi Dashe

Gidan da ke bakin titi yana da alfanu, yana kuma da nasa wahalhalu. Samun abin hawa ba ya wuya, shago a ƙofar gida ba ya rasa ciniki, amma duk wanda ya wuce a ƙafa ko a kan babur sai ya leƙa tsakar gida, ƙura ba ta barin shanya, fitilun motoci kuma suna haska taga cikin dare. Wannan shi ne halin da dubban iyalai ke ciki a Kafanchan da garuruwan da ke kan hanyoyin da suka fita daga cikinta zuwa Kagoro da Manchok, Zonkwa da Kachia, Kwoi, da kuma Gidan Waya.

Tun shekarun 1920, lokacin da ta zama mahaɗar jirgin ƙasa tsakanin Fatakwal, Kaduna da Jos, Kafanchan gari ne na masu wucewa. Da zirga-zirga ta koma kan kwalta, sai gidajen bakin hanya suka ƙaru. Shirin sabunta birane da gwamnatin Jihar Kaduna ta ƙaddamar a 2019, wanda ya haɗa da Kafanchan, ya faɗaɗa wasu titunan garin, ya kuma kawo titi kusa da ƙofofin da a da suke nesa da shi.

Amsar da aka saba bayarwa ita ce katangar bulo. Sai dai tsadar siminti da ƙarfe ta sa magidanta da yawa sun juya ga shingen itatuwa, wanda ba ya cin kuɗi sosai a farko, yana kuma ƙara wa gida kyau da sanyi. Matsalar ita ce akasarin masu dashe suna zaɓen itace ne da abin da idonsu ya gani a wurin masu sayar da furanni cikin damina, lokacin da kowane tsiro yake kore shar. Shingen da zai yi amfani a wannan yanki kuwa shi ne wanda zai riƙe ganyensa tun daga ƙasa har sama a watan Fabrairu, wanda tsawonsa bai fi ƙarfin mai gida ba, wanda kuma aka dasa a wurin da doka ta yarda.

Rani ne ma'auni

Kudancin Kaduna na cikin yankunan arewa da suka fi samun ruwan sama. Damina kan sauka a Afrilu ta ɗauke a Oktoba, ruwan da ake samu a shekara kuma yakan kai milimita 1,500 ko ya wuce, musamman a gindin duwatsun Kagoro, alhali Kano ba ta cika kaiwa 1,000 ba. Wannan ni'ima ce ta sa kusan duk reshen da aka soka a ƙasa a watan Yuni yake kamawa.

Daga Nuwamba zuwa Maris kuwa labari ya sha bamban. Ruwa ya ɗauke, iskar hunturu ta busar da ƙasa, itatuwa da yawa su kakkaɓe ganyensu don su tsira. A daidai wannan lokaci ne ƙura ta fi tashi, bukukuwan Kirsimeti da na sabuwar shekara irin su bikin Afan na Kagoro suka fi cika hanya da jama'a, mutanen gida kuma suka fi zama a waje. Shingen da ya zama ƙirare a wannan lokaci ya gaza a ranar da aka fi bukatarsa.

Wanda ya ratsa dajin gwamnati na Nimbia da rani zai ga misalin haka a fili. Itatuwan katako da aka shuka a can, masu faffaɗan ganye da duhuwa a damina, sukan tsaya tsirara idan rani ya tsananta. Haka malaina take yi, haka bini da zugu, haka dashi da aguwa. Dukkansu suna da amfaninsu, amma suturta gida shekara cur ba ya cikin aikinsu.

Don haka shawara ta farko ba ta bukatar ko sisi. Mai son yin shinge ya zagaya unguwarsu tsakanin Janairu da Maris, ya duba wane shinge ne har yanzu ba a hango abin da ke bayansa, ya tambayi mai shi sunan itacen da yawan ruwan da yake ba shi. Gani ya kori ji.

Ƙasar wa za a dasa a kai?

Kafin a haƙa rami ko ɗaya, wajibi ne a san inda filin mai gida ya ƙare. Kowace hanya tana da filin da hukuma ta keɓe mata a gefe da gefe domin magudanar ruwa, bututu, wayoyi da faɗaɗawa nan gaba. A manyan hanyoyin tarayya, Ma'aikatar Ayyuka ta sha bayyana cewa wannan fili mita 45.72 ne daga tsakiyar titi zuwa kowane ɓangare. Hanyoyin jiha da na cikin gari suna da nasu ma'auni, kuma Hukumar Tsara Birane ta Jihar Kaduna, KASUPDA, ita ce ke ba da izinin gini, har da na katanga. Duk abin da aka shuka a cikin filin hanya, ranar da aikin titi ya zo katafila za ta kwashe shi, wahalar shekaru kuma ta tafi a banza.

Abu na biyu shi ne wayar lantarki, wadda a mafi yawan garuruwa take bin bakin titi. Ƙa'idojin wutar lantarki na ƙasa sun tanadi a bar mita 5.5 a kowane gefen layukan 11kV da 33kV. Itacen da ya girma ya taɓa irin waɗannan wayoyi yana jawo ɗaukewar wuta ga unguwa baki ɗaya, yana kuma iya halaka wanda ya hau don ya sare shi. Ma'aikatan kamfanin rarraba wuta idan suka zo, sara suke yi ba tare da la'akari da kyan shinge ba.

Na uku shi ne lambatu da kwalbati. A yankin da ruwa ke sauka da ƙarfi kamar wannan, ganyen da ya toshe lambatu yakan juyo da ambaliya cikin gida. Ya kamata a bar aƙalla mita ɗaya tsakanin layin dashe da bakin lambatu, domin a samu wurin tsayawa a yi yasa, a kuma yi wa shingen aski ta waje ba tare da an tsaya kan titi ba.

Tsawo nawa ake bukata?

Mutane da yawa suna ɗauka cewa sai dogon itace ne zai kare gida daga idon jama'a. Lissafi bai nuna haka ba. Idon mutumin da ke tafiya a ƙasa yana tsakanin mita 1.5 da 1.7 daga ƙasa, na direban ƙaramar mota kuma bai fi mita 1.1 ba sosai. Saboda haka shinge mai tsawon mita 1.8 zuwa 2 ya isa ya rufe tsakar gida daga mafi yawan masu wucewa. Direban tirela kaɗai ke hangowa ta sama, shi kuwa wucewa yake yi.

Dogon itace yana da illar da ba a cika lura da ita ba sai bayan shekaru. Yayin da yake miƙewa sama, rassan ƙasa suna rasa hasken rana su bushe, ganye ya koma can ƙololuwa, ƙasa kuma ta zama fili. A ƙarshe mai gida zai samu inuwa a kan rufi, amma mai wucewa yana ganin har cikin madafa ta tsakanin kututture.

Akwai gidajen da titi ya fi su tudu, musamman inda aka yi ciko lokacin gyaran hanya. A irin wannan wuri shingen mita biyu a bakin iyaka ba zai rufe komai ba. Hanya mafi sauƙi ta gane tsawon da ake bukata ita ce mutum ɗaya ya riƙe doguwar gora a inda ake son yin dashe, wani ya zauna a baranda ko inda mata ke aiki, na uku ya tsaya a kan titi ya faɗi daidai wurin da gorar ta raba idonsa da mai zaune. A sa alama a nan, a ƙara taƙi ɗaya. Idan tsawon ya yi yawa, a matso da shingen kusa da wurin da ake son rufewa, domin gajeren shinge a gaban baranda yakan yi aikin da dogo a bakin titi ba zai yi ba.

A bakin ƙofar shiga da kuma gidajen da ke kan kwana, ƙa'idar ta juya. Nan tsawon shinge kada ya wuce ƙugu har tsawon mita biyu ko uku a kowane gefe, domin mai fitowa da mota ko babur ya ga titi, mai gudu a titi shi ma ya ga yaron da ke shirin fitowa. Sutura ba ta kai ran ɗan Adam ba.

Gajerun itatuwan da ba sa kakkaɓe ganye

Wanda aka fi gani a makarantu, coci-coci, masallatai da ofisoshin yankin shi ne duranta, ɗan itacen nan mai ƙananan ganye ruwan ɗorawa, wanda asalinsa daga nahiyar Amurka ne. Yana kamawa daga yankakken reshe, yana girma da sauri, yana jure aski, ana kuma iya tsayar da shi daga rabin mita har zuwa mita biyu. Saurin girman nan shi ne kuma nauyinsa, domin a damina yana bukatar almakashi kusan kowane wata. Idan aka bar shi ya yi 'ya'ya, ƙananan 'ya'yan masu launin lemo suna da guba ga yara da dabbobin gida, aski a kai a kai kuwa yana hana su fitowa.

Iksora, mai jajayen furanni a dunƙule, ɗan asalin kudancin Indiya, ya fi duranta jinkirin girma, amma ya fi shi sauƙin kulawa. Ganyensa mai kauri ne, yana cika tun daga ƙasa, kuma manyan nau'o'insa suna kaiwa mita biyu. Akwai nau'in da ba ya wuce gwiwa, don haka sai a tambaya kafin a saya. Ba ya son ƙasar da ta gauraya da ɓaraguzan siminti, inda ganyensa ke komawa rawaya, yana kuma son ban ruwa jefi-jefi da rani.

Lemun tsami zaɓi ne da ya dace da gidan da ke son amfani biyu. Ba ya zubar da ganye, yana da ƙaya mai hana dabba da mutum kutsawa, ƙasar yankin kuma ta karɓe shi. Idan aka dasa shi da tazarar mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, aka riƙa datse kansa, cikin shekara uku zuwa huɗu rassan za su sarƙe. Yawan datsewa yana rage 'ya'ya, amma abin da ya saura ya isa amfanin gida.

Lalle ma tsohon itacen shinge ne a ƙasar Hausa. Yana da ƙananan ganye da rassa masu yawa, yana yin ƙaya idan ya tsufa, furensa na da ƙamshi, ganyen da aka aske kuma kayan kwalliya ne da ake saye a kasuwa. Yana jure fari ƙwarai, sai dai idan bai samu ruwa ko kaɗan ba yakan rage ganye a tsakiyar rani.

Bogenbiliya, mai yaɗo da ƙaya, ta fi yin fure da rani lokacin da sauran tsirrai suka yi laushi. Ita kaɗai ba ta tsayawa a layi, tana bukatar waya ko gajeriyar katangar da za ta hau. Idan aka yi sakaci da ita takan miƙa rassa masu ƙaya zuwa inda jama'a ke bi.

Sai dogon siririn itacen nan mai rassa a sunkuye da masu furanni ke kira maskwared, wanda ya cika gidajen Abuja da Kaduna. Ba ya kakkaɓe ganye, ba ya cin fili, amma ba gajere ba ne, domin yakan wuce mita goma. Ya dace da gidan da ke son kariya daga bene na maƙwabta, muddin babu waya a sama. A ƙarƙashin wayar lantarki kuwa, sai dai idan an ɗauki alkawarin datse kansa duk shekara.

Abin da magabata suka shuka

Shingen itatuwa ba baƙon abu ba ne a wannan yanki. Al'ummomin tsaunukan Filato da maƙwabtansu na kudancin Kaduna sun daɗe suna kewaye gidaje da gonaki da ƙerana, itacen nan mai kauri da ƙaya wanda ba shi da ganyen a zo a gani, amma yana nan kore rani da damina. A zamanin hare-haren neman bayi, layukan ƙerana sun zama garkuwar da doki ba ya iya ratsawa, kuma har yau wanda ya bi hanyar Manchok zuwa Ganawuri da Vom zai ga ragowarsu. Ƙerana ba ta neman ban ruwa, dabbobi ba sa cin ta, wuta ba ta kama ta da sauƙi. Illarta ita ce farin ruwan da ke fita idan an yanke ta, wanda ke ƙona fata, yana kuma iya lahanta ido. Ta fi dacewa da iyakar gona ko bayan gida da ke nesa da wurin wasan yara.

Aduruku shi ma sananne ne. Ana sare reshensa a soka a ƙasa ya kama, yana miƙewa sak, yana kuma riƙe ganye mafi yawan shekara. Yarabawa da Ibo suna girmama shi, har ana amfani da ganyensa wajen naɗin sarauta a ƙasar Yarabawa. Da yake ganyensa ya fi taruwa a sama, an fi amfana da shi a matsayin dirka mai rai: a jera shi kusa da kusa, a ɗaura zana ko waya a jikinsa, ko a dasa gajeren shinge a gabansa. Dirkar da ke da rai ta fi ta busasshen itace jure gara.

Inda gaban gida yake da gangara kuma ruwa na zaizaye ƙasa, layin ciyawar jema yana riƙe ƙasa da dogayen saiwoyinsa masu nitsewa ƙasa maimakon yaɗuwa gefe. Tsawonta kan haura mita ɗaya, amma tana bushewa da rani, don haka mataimakiya ce ga shinge.

Waɗanda ya kamata a yi hattara da su

Cediya da danginta na zamani da ake kira fikus suna yin shinge mai kyau da duhu, shi ya sa ake sha'awarsu. Saiwoyinsu kuwa suna bin danshi duk inda yake, su fasa salga, su ɗaga daɓe, su tsaga harsashin gini. A ƙaramin fuloti, inda shinge bai fi 'yan mitoci daga ɗaki ko rijiya ba, barin su ya fi alheri. Dogon yaro, turare da mangwaro itatuwan inuwa ne da ke bukatar sarari, kuma babu ɗayansu da zai zauna a mita biyu cikin daɗin rai.

Akwai wani itacen ado mai siraran ganye da fure rawaya mai kama da ƙararrawa, wanda ake yawan gani a tsofaffin makarantu da gidajen ma'aikata. Ba ya zubar da ganye, awaki ba sa kula shi, amma komai nasa guba ne, musamman ƙwallon, wanda ke taɓa bugun zuciya. Haka 'ya'yan bini da zugu, waɗanda yara kan ɗauka kamar gyaɗa ne, su ci su kamu da amai da gudawa mai tsanani. Gidan da ke kan hanyar 'yan makaranta ya kamata ya yi la'akari da yaran wasu, ba nasa kaɗai ba.

Gora tana rufe wuri da sauri, amma gindinta yana faɗaɗa shekara bayan shekara, busasshen ganyenta abincin wuta ne, kututturen da aka sare kuma yana tara ruwan da sauro ke ƙyanƙyasa a ciki. Zogale kuwa ganyensa bai da yawan da zai rufe komai, kuma tunda ci ake yi, gara a dasa shi can cikin gida nesa da ƙura da hayaƙin motoci.

Abin da shinge ke iyawa da wanda ba ya iyawa

Game da ƙura da hayaƙi, shinge yana taimakawa. Binciken da masana a Jami'ar Surrey da ke Ingila suka wallafa a 2019 ya nuna cewa shinge mai kauri a bakin titi yana rage gurɓatacciyar iskar da ke isa bayansa. Dalili kuwa a fili yake: hayaƙin salansa da ƙurar taya daga ƙasa suke tashi, ganyen da ke daidai wannan tsayi shi ke tare su. Ƙananan ganye masu yawa sun fi manya ƙalilan kama ƙura.

Game da ƙara kuwa, kada a sa rai da yawa. Hukumar manyan hanyoyi ta Amurka ta ƙiyasta cewa sai an samu kurmi mai faɗin kusan mita 60 kafin ƙarar motoci ta ragu da rabi a kunnen mai sauraro. Layi ɗaya na duranta ba zai hana jin ƙahon tirela ba. Abin da ke tare ƙara shi ne abu mai nauyi marar ɓula, wato katanga ko tudun ƙasa.

Ta fuskar tsaro, shinge mai ƙaya yana rage kutse, amma duk abin da ya hana na waje ganin ciki yana hana na ciki ganin waje, yana kuma ɓoye ɓarawon da ya riga ya shiga daga idon maƙwabta. Shi ya sa wasu magidanta ke rufe sashen iyali sosai, su bar gaban ƙofa a buɗe da fitila. Gindin shinge kuma dole ya kasance a share, domin tarin busasshen ganye mafakar macizai da ɓeraye ne, ga kuma haɗarin gobara idan aka yar da guntun taba ko aka cinna wa ciyawar bakin hanya wuta.

Sauran hanyoyin suturta gida

Zanar gamba da darnin kara su ne mafi araha, suna kuma rufe gida a rana ɗaya. A yankin da ruwa ke da yawa ga kuma gara, ba sa wuce shekara ɗaya ko biyu, kuma wuta na cin su nan take. Amfaninsu mafi girma shi ne su tsare gida na ɗan lokaci, su kuma kare ƙananan tsirrai daga awaki kafin shinge ya taso.

Shingen kwano yana rufewa ruf, amma yana ɗaukar zafi, yana yin tsatsa, iskar farkon damina kuma takan ɗaga shi idan dirkokin ba su nitse ba. Wayar raga ba ta rufe komai ita kaɗai, amma idan aka sa mata mai yaɗo ta hau, cikin damina ɗaya ko biyu takan zama bango kore wanda kaurinsa bai fi taƙi biyu ba. Wannan ya dace da gidan da ba shi da fili a gaba.

Katangar bulo ita ce mafi ƙarfi wajen tare ƙara da dabbobi, ita ce kuma mafi tsada. Tana bukatar izini, tana bukatar harsashi mai kyau da ƙofofin fitar ruwa a ƙasa, in ba haka ba ruwan Agusta ya taru a bayanta ya kayar da ita. Doguwar katanga tana kuma tare iska, abin da ake ji a jiki a watan Maris.

Ga mai matsakaicin ƙarfi, haɗa biyu ya fi: gajeriyar katanga mai layin bulo huɗu ko biyar, wadda za ta tare awaki, ruwan titi da ƙurar ƙasa, sannan shinge a bayanta ya cika sauran tsawon. Kuɗin bulo ya ragu da kusan rabi, iska na shiga, ko da gindin shingen ya yi sarari daga baya katangar ta rufe shi.

Dasawa da kulawa

Lokacin dashe shi ne Mayu zuwa Yuni, bayan ruwa ya zauna, domin tsiro ya samu wata huɗu ko biyar yana kafa saiwa kafin rani. Wanda ya jira har Satumba ya ɗora wa kansa jigilar ruwa. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka a tanadi tsirrai tun Maris ko Afrilu. Ana samun su wurin masu furanni a Kafanchan, Jos da Kaduna, ana kuma iya roƙon yankakkun rassan duranta, lalle ko aduruku daga maƙwabci a raine su a leda. Mai neman shawarar masana yana iya tuntuɓar jami'an gandun daji na ƙaramar hukuma, ko tsangayar aikin gona ta Jami'ar Jihar Kaduna da ke harabar Kafanchan.

Maimakon ramuka ɗaiɗai, ya fi kyau a haƙa doguwar kwari mai faɗi da zurfin kusan santimita 40, a cire ɓaraguzan gini, a cakuɗa ƙasar sama da ruɓaɓɓen takin gargajiya. Inda aka ci karo da marmara, sai a fasa ta ko a ɗaga ƙasa a yi kunya. Lissafin tsirrai ba shi da wuya. Fuloti mai faɗin ƙafa 50 yana da kimanin mita 15 a gaba; idan aka cire mita 4 na ƙofa, saura 11. Da tazarar santimita 40, ana bukatar tsiron duranta 28 a layi ɗaya, ko 56 idan layi biyu za a yi a saɓa su, wanda ya fi rufewa. Lemun tsami kuwa guda 8 zuwa 11 sun isa. A ajiye 'yan ƙari don cike gurbin waɗanda suka mutu.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne barin tsiro ya miƙe har ya kai tsawon da ake so kafin a taɓa shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Tun tsiron yana kai gwiwa ake datse kansa domin ya fitar da rassa ta gefe, a maimaita duk lokacin da ya ƙara taƙi ɗaya ko biyu. A wajen aski, gindi ya fi sama faɗi kaɗan, yadda rana za ta kai ga ganyen ƙasa. Shingen da aka aske sama ta fi ƙasa faɗi yakan yi sanƙo daga gindi, gyaransa kuma sai an sare shi an sake.

Ranin farko shi ne mai wuya. Tsirrai na bukatar ruwa sosai kamar sau biyu a mako, da yamma ko da sassafe, kuma ruwan alwala ko na wanke kayan miya ya wadatar muddin babu sabulu mai yawa ko man girki a ciki. Shimfiɗa busasshiyar ciyawa a gindi yana riƙe danshi, amma a janye ta kaɗan daga jikin tsiron saboda gara. A wannan lokaci ne kuma ake sakin dabbobi bayan girbi, don haka kariyar waya, zana ko ƙaya wajibi ce har shekara biyu. Shingen da ke kan iyaka da maƙwabci kuwa, a yi magana da shi tun kafin dashe, a amince da wanda zai riƙa aske ɓangarensa, domin reshe da saiwa ba su san iyaka ba.

Mai gidan da ya bi waɗannan matakai zai ga duranta ta rufe masa gida cikin damina biyu, iksora da lemun tsami kuma cikin uku zuwa huɗu. Daga nan abin da ya rage shi ne almakashi, shara da ɗan ruwa a watannin rani.